Kafin zafi ya sauka a Tawa: keke, albasa da inda za a sa kuɗi

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, mai keke a Tawa ta Nijar yana da wasu makonni da babu kamarsu a shekara. Ɗari ya sassauta, ba sai ka naɗe kai da kunnuwa ba kafin ka fita bayan sallar asuba, kuma zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, bai iso ba tukuna. A daidai wannan lokaci ake cire albasa a fadamun Adar, yankin da Tawa take, kuɗi su fara yawo a hannun mutane. Wanda ke da keke yana kuma juya ɗan jari, abu biyu ke gabansa: ya gyara abin hawansa tun da sauran sanyi, ya kuma san inda zai aje abin da ya samu.

A fara da sarƙa, don ita ta fi shan wahalar hunturu. Wata uku ƙura na sauka a kanta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓo baƙin mai wajen mai gyaran babur a kwarara mata. Baƙin mai yana riƙe ƙura, su biyun su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙar har da haƙoran faranti. Cire ta, ka jiƙa ta cikin kananzir a gwangwani na minti goma, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka shanya. Bayan ka mayar, ka ɗiga man inji mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya kamar sau ashirin, sannan ka share wajenta da tsumma har ta daina maiƙo a hannu. Man da ke aiki shi ne wanda ya shige ciki. Ka auna ta kuma: daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa tsakiyar ta 24 bayanta, sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi ce. In ta kai 30.8 ta miƙe, a canza ta tun ba ta lalata ƙaramin farantin baya ba. A keke marar giya, irin su Phoenix masu taya 28, sarƙa ta riƙa motsawa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ta fi haka sakewa za ta riƙa zamewa, in ta ɗaure tamau kuma sai ta ci boris.

Shi ma boris a duba shi. Ɗaga ƙafar keken ka girgiza ta hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko ka juya ta ka ji kamar tana niƙa yashi, a kwance cibiyar. A yawancin kekuna ƙafar baya ƙwallo tara take ɗauka a kowane gefe, ta gaba goma ƙanana. Ka ƙirga su a kan tsumma kafin su ɓace cikin rairayi. Kada a haɗa tsoho da sabo. A wanke, a cika giris, a ɗaure daidai yadda ƙafar za ta juya sakayau ba tare da girgiza ba.

Sai taya, inda kuɗin mai keke ya fi zurarewa. Yanzu ciyawa ta bushe, tsidau ya zubar da ƙayarsa a gefen hanya, ga ta aduwa da ta bagaruwa duk inda aka sare reshe don awaki. Abin da ya sa wasu ke komawa wajen mai faci sau biyu a rana ɗaya shi ne an liƙe tiyub amma an bar ƙayar a jikin taya. Kafin a mayar da tiyub, a bi cikin tayar da tsumma; inda ya maƙale, nan ƙayar take. Facin kansa yana son haƙuri: a kankare wurin, a shafa gam siriri, a bar shi minti biyar har ya daina kama yatsa, sannan a ɗora a danne sosai. Gam ɗanye shi ne facin da ke buɗewa ranar da zafi ya fara. Dabara mai arha ita ce a tsaga tsohon tiyub a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tiyub. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma yana tare ƙananan ƙayoyi. Yawan iskar da taya ke ɗauka a rubuce yake a gefenta. Kada a wuce shi, kuma kada a jingine keke a rana tun daga hantsi har la'asar, domin iska na kumbura roba kuma na tsagewa.

Robar birki in ta sanƙare ta yi sheƙi, a canza. Sirdi a ɗaga shi har ƙafa ta miƙe in ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Sau da yawa ciwon gwiwar mahaya daga sirdi mai ƙasa-ƙasa yake.

Game da fita, iskar wannan lokaci daga arewa maso gabas take tasowa, kuma tana ƙara ƙarfi da hantsi. Mai nufar kudu, wajen Badagishiri a kan hanyar Ƙonni, zai ji keke na gudu da kansa, har ya yi nisan da bai shirya ba, dawowa kuwa iska ce a fuska ga rana ta take. Shi ya sa mai fita motsa jiki gara ya fara fuskantar iska, ta wajen hanyar Tabalak, ya dawo tana tura shi. A tashi da an idar da asuba, a dawo kafin ƙarfe goma. A riƙe aƙalla rabin lita na ruwa don kowace awa, domin busasshiyar iska tana ɗauke zufa tun ba ka gan ta ba. A ƴan shekarun nan azumi cikin waɗannan makonni yake faɗowa. Mai azumi ya taƙaita tafiya. Kafin a yi nisa da gari kuma, a tambayi masu zuwa daga can lafiyar hanya.

Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, za ka ga keke ɗauke da buhun albasa, mai shi yana tura shi da ƙafa. Cikakken buhu da aka yi wa hula ya kan haura kilo 100, kariyar keke kuwa ba a yi ta don haka ba. Wayoyin ƙafar baya ke fara tsinkewa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙafar ta karkace. A raba kayan biyu a rataya hagu da dama, ƙasa-ƙasa. Waya ɗaya in ta tsinke, a canza ta ranar, don nauyinta kan maƙwabtanta yake komawa.

Ita albasar nan ita ce hannun jarin mutanen Adar tun da daɗewa. Lokacin cira tana araha, saboda Galmi da Tamaske da Madawa duk sun zubo ta kasuwa lokaci guda. Bayan damina ta yi nisa sai ta yi ƙaranci, masu kai ta Gana da Kwaddibuwa na nema, farashi ya ɗaga. Mai saye ya aje a rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, yana sayen wannan tazarar ce. Sai dai a yi lissafin asara tun farko. A ce ka sayi buhu goma a kan jika goma-goma (jika ɗaya sefa dubu ce), ruɓa da bushewa suka cinye uku. Bakwai ɗin da suka rage sai kowane ya kai jika 14 da ɗoriya kafin uwar kuɗinka ta dawo, ban da dako da kuɗin buhu. Saboda haka zaɓe ya fi farashi muhimmanci. A tambayi manomin ko ya tsai da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, da kuma ko ya cika mata takin zamani. Albasar da ta sha ruwa da taki har ƙarshe ƙatuwa ce mai kyan gani, amma ba ta jimre ajiya. A ɗauki matsakaiciya mai siririn wuya busasshe, wadda ta sha iska a inuwa. A rudu kada a tula ta da yawa, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, a riƙa tsince ruɓaɓɓu duk mako biyu, musamman da an fara ruwa.

Matasa kuma yanzu suna tambaya a kan hannun jarin kamfanoni. Kasuwarsa ta ƙasashe takwas masu sefa na yammacin Afirka ita ce BRVM, tana Abijan, ta fara aiki a 1998, tana da reshe a Yamai. Akwai kamfanoni sama da 40 a cikinta, irin su Sonatel na Senegal, da bankin BOA Niger daga ƙasarmu. Ba a saye kai tsaye. Sai ta hannun dillali mai lasisi, wanda ake kira SGI, inda za ka buɗe asusu da katin shaidarka. Wannan lokaci ne kamfanoni ke fara fitar da sakamakon shekarar da ta wuce, rabon riba ya biyo baya cikin watannin da ke tafe. Lissafin mai sauƙi ne: hannun jarin da ka saya jika biyar, aka raba maka sefa 300 a kansa, kashi 6 cikin ɗari ke nan, kafin a cire haraji da la'adar dillali. Dokar kasuwar ba ta barin farashi ya hau ko ya sauka fiye da kashi 7.5 cikin ɗari a rana ɗaya. Don haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa zai ninka maka kuɗi cikin mako da sunan wannan kasuwa, ƙarya yake yi, kada ka tura masa ko dala. Wasu hannayen jarin kuma ba kullum ake samun mai saye ba, ka iya yin kwanaki kana jira, saboda haka kuɗin cefane ko na taki ba nan ne wurinsu ba. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya duba sana'ar kamfanin tukuna, na banki ne ko na sadarwa ko na manja, ya tambayi malaminsa. Kafin ka sa hannu a takarda, ka nemi dillalin ya nuna maka lasisinsa na AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar, ya kuma rubuta maka duk abin da za a cire a saye, a sayarwa, da kuɗin riƙe asusu na shekara.