Darussa daga Yaƙin da Aka Yi wa Littattafan Zane a Amurka

Duk mai nazarin yadda ake tayar da jijiyar wuya kan abin da yara ke karantawa ko kallo, da wuya ya wuce Amurka ta 1954 bai tsaya ba. A lokacin, littattafan labari cikin zane, da ake sayarwa santi 10 a teburan jarida, suna hannun kusan kowane yaro. Tun 1948 aka fara tara su ana cinna musu wuta a harabar makarantu, har da garin Binghamton na jihar New York.

Iyaye na fargabar cewa littattafan na kangarar da yara, wanda kuma ya sa wa wannan fargaba rigar ilimi shi ne Fredric Wertham, likitan ƙwaƙwalwa da ke duba marasa ƙarfi a asibitin Lafargue a unguwar Harlem. Hujjarsa ita ce, yaran da ake kawo masa kan sata, faɗa ko gudun makaranta, duk makarantan waɗannan littattafai ne. A nan gizo ke saƙa. Idan kowane yaro na karantawa, dole kangararre ma ya karanta, kamar yadda yake cin abinci. Abin da ya kamata shi ne a ware rukuni biyu, masu karatu da marasa karatu, masu shekaru ɗaya, daga unguwa ɗaya da gidaje masu kama da juna, a bi su na wani lokaci, sannan a kwatanta. Bai yi haka ba.

Da aka buɗe takardunsa a Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka a 2010, wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta gwada bayanan asibitin da abin da ya buga a littafinsa na 1954. Bincikenta na 2012 ya nuna ya sauya shekarun wasu yara, ya ɗinke maganganun yara daban-daban wuri guda, ya kuma bar abubuwa kamar rikicin gida da za su iya bayyana halin yaron. Mutumin ba sakarai ba ne, don shaidarsa ta taimaka a shari'ar jihar Delaware kan raba makarantun baƙaƙe da farare. Ya dai riga ya yanke hukunci kafin ya tattara hujja.

Su ma masu buga littattafan ba a raba su da laifi ba. A zaman kwamitin Majalisar Dattawa na Afrilun 1954, Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wani bangon littafi mai zanen mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace. William Gaines na kamfanin EC, wanda ya buga littafin, ya amsa cewa, a littafin ban tsoro, wannan bai wuce gona da iri ba. Amsar nan ta yi wa sana'ar illar da Wertham bai yi mata ba.

Darasin da aka fi mantawa shi ne, majalisar tarayya ba ta kafa dokar hani ba. Kamfanonin ne suka tsorata, suka rubuta wa kansu ƙa'idoji a Oktoban 1954: ba a zana ɗan sanda ko alƙali ta hanyar raini, dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, ba masu shan jini, ba gawa mai tafiya. Littafin da ya cika sharuɗɗa sai a buga masa hatimi a bango. Wuƙa da nama kuwa suna hannun dillalai, don wanda ba shi da hatimi sai ya dawo a ɗaure ko buɗe shi ba a yi ba. Gaines ya rufe littattafansa na ban tsoro, ya mayar da littafinsa na barkwanci mai suna Mad mujalla a 1955, ita kuma ƙa'idojin ba su shafi mujallu ba.

Daga baya ma'aikatar lafiya ta Amurka ta roƙi kamfanin littattafan zane na Marvel ya yi labarin gargaɗi kan miyagun ƙwayoyi. Masu hatimi suka ƙi amincewa, saboda labarin ya nuna shan ƙwaya. A 1971 kamfanin ya fitar da fitowa uku ba hatimi, suka kuma sayu. A shekarar aka sassauta ƙa'idojin. Marvel ta fice daga tsarin hatimin a 2001, kamfanonin DC da Archie suka bi sahu a Janairun 2011.