A haɗa jambito da ɗan aji huɗu tun kafin a ɗaure furojet

Duk shekara abu ɗaya ne ke faruwa a dipatmen ɗin nazarin muhalli na jami'o'inmu. Sabbin ɗalibai, wato jambito, na shigowa da fayil a hammata suna neman inda ake sa hannu a takardar rijista, su kuma 'yan aji huɗu suna zarya tsakanin ofishin sufabaiza da shagon masu ɗaure furojet, baranda ɗaya ake bi amma maganar ba ta wuce sallama, in ta yi tsawo a ce "Yaya don Allah ina ne ofishin lebul kodineta?" a nuna masa da baki a wuce. Semista biyu kacal waɗannan mutanen za su yi tare, daga nan NYSC ta watsa manyan, wani Ebonyi wani Osun, duk abin da suka koya da wahala ya bi su.

Ni a ganina asara ce babba, kuma ta fi ciwo a kwas irin namu fiye da wasu, zan faɗi dalili.

Da farko dai mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa daga cikin masu shigowa ba su suka zaɓi kwas ɗin ba. Yaro ya cike likitanci ko injiniya a JAMB, sunansa ya fito a muhalli, a gida kuma kawu na tambaya wai in ka gama duba-gari za ka zama? Sai ya shigo da zuciya biyu, yana halartar lakca yana shirin sake JAMB, semista ta farko ta wuce bai riƙe ko ɗaya ba. Kuma wanda ya yi jami'a ya san yadda CGPA take, in ta faɗi a aji ɗaya jan ta sama sai an sha wuya, don duk makin baya yana biye da kai har ranar fita. Lakcara zai faɗi wannan ranar oriyenteshin a cikin makirufo mai shaƙewa, babu mai saurara. Amma in ɗan aji huɗu ya zaunar da yaro a gindin bishiya ya buɗe masa sakamakonsa na gaske a waya, ya ce kalli nan, kemistirin aji ɗaya ne ya yi min wannan ramin, har yau ban gama cike shi ba, wallahi wannan maganar tana shiga.

Kuma babban ne zai iya gaya masa cewa kwas ɗin ba shara da kwata kaɗai ba ne. Ni ba a aji na fara jin labarin Koko ba, a bakin wata Anti 'yar aji huɗu na ji, yadda a 1988 aka kwaso gangunan shara mai guba daga Italiya aka jibge a wannan ƙaramin garin na bakin ruwa da ke jihar Delta a yanzu, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a shekarar, sannan aka yi dokar EIA a 1992 wadda ta ce babban aiki ba ya farawa sai an auna illar da zai yi wa muhalli, daga baya NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ta zo a 2007. Ta ce to su wa kake zaton suna rubuta rahoton EIA ɗin, aljanu? Daga nan ta gangaro Zamfara, gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinare a cikin gida ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe, kuma maganin asibiti kaɗai bai isa ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Aikin 'yan muhalli ke nan. Yaron da ya ji wannan a watansa na farko ba irin zaman wanda bai ji ba zai yi a aji.

To amma inda na fi so in daɗe shi ne fita fili, don nan ne ainihin abin da ba ya cikin handawut.

Ɗauki misalin mai furojet a kan ruwa a Kano. Kowa ya san inda ake zuwa: Challawa, Sharaɗa da Bompai inda masana'antu suke, musamman na jima masu sakin ruwa mai sinadarin kuromiyom, sai rafin Jakara da na Getsi da ke kwasar dattin gari su kai dam ɗin Wasai, a hanya kuma masu lambu na ban ruwan latas da kabeji da shi. A takarda abin layi biyu ne, wai an ɗebi samfur a wuri kaza an kai lab. A fili kuwa sai ka san cewa robar da za ka ɗebi ruwan auna ƙarafa sai an wanke ta tas an ɗauraye da ruwan wurin kafin a cika, a ɗiga mata asid ɗin naitirik don kada ƙarfen ya manne a jikin roba, wadda za a duba ƙwayoyin cuta kuma tata kwalbar daban ce, a cikin kula mai ƙanƙara za ta zauna kuma ranar za ta isa lab ba gobe ba. Sai ka rubuta lamba a jikin kowace roba da makar da ruwa ba ya gogewa, ka ɗauki lambobin GPS a wurin kana tsaye, ba sai ka dawo hostal ka yi ta cankar wajen a taswira ba. Sai ka san wane lab ne na'urar AAS ɗinsa, mai auna ƙarafa a samfur, ke aiki a wannan watan da nawa ake caji kan kowane samfur, don kada ka ɗebo talatin kuɗinka na goma ne. Duk wannan ɗan aji huɗu ya sani saboda ya ƙone a kai, kuma a daidai lokacin yana matuƙar buƙatar wanda zai riƙe masa kula ya rubuta masa lambobi. Jambito kuma yana zaune a ɗaki ranar Asabar yana danna waya. Me ya hana a haɗa su?

Haka masu raba kwescaniya, wato takardar tambayoyin bincike. Babu littafin da zai ce maka kar ka shiga unguwa ko ƙauye da takarda a hannu ba ka fara zuwa ka gaida mai unguwa ba. Ka je ka durƙusa, "ranka ya daɗe, ɗalibai ne mu daga jami'a", ka nuna takardar dipatmen, ya haɗa ka da yaro ya zaga da kai, in ba haka ba manomi na ganin biro zai ɗauka ko haraji ne ko kuma rabon taki, a duka biyun ba zai gaya maka gaskiyar girman gonarsa ba. Sannan gidaje da yawa ba a shiga, namiji zai tsaya a zaure ya ji ta bakin maigida kawai, alhali tambayar itacen girki da gawayi da ɗiban ruwa matan gida ne ke da amsarta. Namijin da ke irin wannan furojet ɗin in bai tafi da mace ba rabin bayaninsa ya ɓata, ga kuma 'yan mata sabbin shiga da za su so a je da su su ga yadda ake yi.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda bayanai ke mutuwa. Kowace shekara sai an samu mai aiki kan kududdufan Kano da ake cikewa ana gini a kai, ko zaizayar ƙasa, ko ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru tun bayan da dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka canza yadda ruwa ke sauka. Kowa sai ya fara daga sifili, ya zaɓi sabbin wurare, ya gama a ɗaure da baƙin bango a jera a kabad, ƙura ta rufe. Alhali shi muhalli ba a gane shi da awon shekara ɗaya. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da jiyogirafi a ABU Zariya da BUK, abin da ya ba aikinsa nauyi shi ne ya yi ta komawa ƙauyuka ɗaya irin su Dagaceri sama da shekara goma bayan farin farkon shekarun 1970, yana ganin yadda mutane ke jure fari, har ya fitar da littafinsa Adapting to Drought a 1989. Mu ba mu da kuɗin yin haka mutum ɗaya, amma muna da jerin ɗalibai da ba ya yankewa. In mai fita ya miƙa wa ƙaninsa lambobin rijiyoyi goman da ya auna da fayil ɗin Excel ɗinsa, shi kuma in ya kai aji huɗu ya koma waɗannan rijiyoyin dai ya sake aunawa, an samu abin kwatantawa na gaske, kuma ba kwafa ba ce, sabon awo ne a tsohon wuri. Bayan ambaliyar dam ɗin Alau a Maiduguri a Satumban 2024 kowa ya koma neman tsofaffin bayanai da taswira, ai irin ranar ke nan da ake gane darajar abin da aka adana.

Sai GIS, wato haɗa taswira da nazarin bayanan wurare a kwamfuta. A wurare da yawa kwas ɗin a allo ake yin rabinsa saboda kwamfutocin ba su isa ba ko babu wuta. Amma QGIS, manhajar yin wannan aikin, kyauta ne, hotunan tauraron Landsat kyauta ne tun 2008 kuma sun koma baya har 1972, Google Earth na da tsofaffin hotuna da za ka ja baya ka ga unguwarku kafin a cike kududdufin bayan gidanku. Yamma ɗaya da laftof ɗin babba ta ishi yaro ya fara, in ya fara a aji ɗaya kafin ya je SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, ya riga ya zama wanda ake nema a ofis ba wanda ake aike sayo abinci ba. Maganar SIWES ɗin ma, wanda ya dawo daga can ne kaɗai zai gaya maka wace ma'aikata ce ake fita aiki da kai, wace ce za ka yi watanni kana sa hannu a logbuk kana kallon fanka.

Ba wai ina cewa duk babba abin bi ba ne fa. Akwai wanda abin da zai koya wa yaro shi ne wane lakcara ne ba ya duba aiki da inda ake sayen tsohon furojet a canza sunan gari. Akwai masu mayar da ƙannen 'yan aike, a sa su wanki da layin ruwa da sunan ladabi. Akwai kuma wanda kowa ya sani, mai zuwa da "ƙanwata zo in koya miki lissafi" alhali ba lissafin ne a ransa ba, shi ya sa in dai za a tsara abin to mace da mace, namiji da namiji, fita fili kuma a rukuni kuma da sanin dipatmen. Kuma kar a ɗora wa kowa dole, ɗan aji huɗun da ke fama da kariyoba uku da sufabaizan da ba ya ɗaga waya ku bar shi ya ji da kansa.

Tsarin ma ba ya buƙatar kwamiti da bajet. Ƙungiyar ɗaliban dipatmen, wadda ko yaushe kuɗinta a dina da riga yake ƙarewa, ita ce za ta nemi masu sa kai a makon farko, kowane babba a ba shi yara biyu ko uku, kar su wuce haka don ba zai iya ba. A duba masu shigowa ta DE (Direct Entry) ma, su da ake jefawa aji biyu kai tsaye kowa na zaton sun san gari alhali ko ɗakin karatu ba su sani ba. A yi yarjejeniya ƙarama: za ka fita da su fili aikin furojet ɗinka, kuɗin mota da ruwa a kanka, za ka sa sunansu a shafin godiya, kuma kafin ka karɓi takardar kiliyarans ka zuba bayananka da lambobin GPS da fas kwescin ɗinka a Google Drive ɗin dipatmen ba a WhatsApp ba, don waya na faɗawa ruwa ko a sace ta. Lambar sirrin kuma ta zauna a hannun mutum biyu da lakcara ɗaya, kada shugaban ƙungiya ya tafi bautar ƙasa da ita a aljihu.

'Yan aji huɗu na bana, yawancinku yanzu ne aka amince da babi na uku kuna shirin fita ɗibar samfur kafin ruwa ya sauka ya canza muku awo. Lis ɗin sabbin ɗalibai na manne a allon sanarwa, kilas ref ɗinsu kuma na da lambobin kowa, ku karɓa a wurinsa kafin Asabar ɗin da za ku fita.