Na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar inji, da yadda muke aikinta a garejinmu na Tawa

Garejina ƙarami ne, kuma yawancin aikinmu wutar mota ce da binciken kwamfutarta. Motocin da ke shigo mana galibi tsofaffin Toyota ne da aka sauke a tashar ruwa ta Kwatano ko ta Lome bayan sun sha aiki a Turai. A jikin injinsu akwai wata 'yar na'ura da masu mota ba su san da zamanta ba sai ranar da fitilar inji ta kunna, ita ce mai sauraron ƙwanƙwasar inji.

A ƙa'ida buji kan ba da wuta gab da fistan ya kai ƙololuwa, wutar ta bi cakuɗen mai da iska ta cinye shi daki-daki. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ko man ya zama mai ƙarancin oktan, wato ma'aunin juriyarsa ga kamawa da kansa, ragowar cakuɗen da ke gefe kan kama da kansa tun wutar ba ta iso ba, ya fashe lokaci guda, a ji ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. An fi jin ta a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, musamman ga motar da aka labta wa kaya a hanyar Agadas, ko wadda ta sha man ruwa-ruwa da ba a san abin da aka gauraya masa ba. In abin ya daɗe, yakan cinye kan fistan, ya karya zobbansa, ko ya ƙona gasket ɗin kan inji.

A zamanin Peugeot 504 kunnen makanike ne ma'auni: ya sassauta dalko, mai rarraba wuta ga buji, ya juya shi kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Yanzu wannan na'ura ce ke sauraro. A cikinta akwai wani ɗan faifai mai fitar da lantarki idan an matsa shi ko an girgiza shi, halin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a jikin wasu duwatsu a Faransa a 1880. Ana ɗaure ta da ƙusa ɗaya a jikin bulok, tana aika wa kwamfuta duk girgizar da ta ji, ita kuwa kwamfuta ta tace ta fitar da sautin ƙwanƙwasa, ta jinkirta wutar buji, sa'annan ta riƙa maido da ita sannu a hankali har ƙarar ta so dawowa. Idan saƙon ya yanke, kwamfuta ba ta yin kasada: takan ja wutar baya ta bar ta a can, shi ya sa motar ke yin nauyi tana shan mai.

Nan ne muke yawan saɓani da masu mota. Da zarar na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0325, ko P0330 a inji mai layi biyu, sai mutum ya ce, "Maigida, a canza ta kawai." Nakan amsa, "Alhaji, lambar nan hanya ta nuna mana, ba ta ce na'urar ta mutu ba." Sau da yawa waya ce. Zafin inji yana busar da robarta har ta riƙa karyewa a hannu, ɓera yakan gaigaye ta idan mota ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi, bakin soket kuma yakan yi kore saboda wankin inji da ruwa mai ƙarfi. A injin V6 na Camry da Lexus RX300 na'urorin biyu suna cikin kwarin inji, ƙarƙashin bututun shigar iska, don haka duk wanda ya sha wahalar buɗewa bai sauya guntuwar wayarsu ba, to sai ya sake buɗewa. Sabon samfurin Toyota mai kama da zobe yana da sauƙin gwaji, domin mitar auna juriyar lantarki takan nuna kusan kilo-om 200 idan yana da lafiya. Akwai kuma ƙarar ƙarya, daga ƙarfen da ya kwance ko kujerar inji da ta mutu, wadda ke sa kwamfuta ta rage ƙarfi alhali ƙunar mai lafiya lau take.

Wurin ɗaure na'urar kuwa ba na barin yaro shi kaɗai. Sai an goge mazauninta ya yi fes, ba tsatsa, ba giris, ba a ƙara washa, sa'annan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, kusan Nm 20 (Nm ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) ga yawancin motoci. In ta yi sako-sako ba za ta ji daidai ba, in an matse ta fiye da kima faifan na iya tsagewa. Wadda ta faɗi a kan siminti ba na mayar da ita, kuma tsohuwa ta asali da aka ciro daga wani inji ta fi mini sabuwar jabu.

Akwai masu cire ta su ɗaure a wani ƙarfe nesa da bulok don fitila ta mutu mai mota ya tafi da murna. A garejina ba a yin haka, domin kwamfuta za ta ci gaba da gaggauta wuta tana zaton komai lafiya. Mukan duba buji da lagireto da fanka, mu tambayi inda ake shan mai, kafin mu share lambar mu fita gwaji a kan kwalta.