Lissafin rokar gora ya daidaita, na kai shi gasa

'Yan'uwa masu harba gora, albishirinku. Lissafina ya zo daidai da abin da rokar take yi a fili, kuma ranar Asabar na gabatar da shi a gasar kimiyya ta kwalejinmu. Har yanzu daɗi bai sake ni ba.

Kayan kun san su: gorar lemo mai lita 1.5, ruwa rabin lita, famfon keke da bawul, matsi bar 4 (bar ma'aunin matsin iska ne). Iskar da aka matse ita ke feso ruwan ƙasa, gorar ta tashi sama. Niyyata in gama lissafi, in harba, sannan in rubuta rahoto, amma duk suka cakuɗe, ina harbi da la'asar ina gyaran lissafi da dare.

Ga inda na sha wuya. Ƙa'idar da masanin kimiyya Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya wallafa a 1903 ta ce gudun da roka za ta samu shi ne gudun fitar abin da take fesowa sau ln (wato logaridim na asali, maɓallin ln na kalkuleta) na nauyin farko bisa nauyin ƙarshe. Gorata da fikafikanta giram 100 ce, da ruwa 600, wato ninki 6, ln ɗinsa 1.79. A bar 4 ruwa yana fita da gudun mita 28 a daƙiƙa. Ka ninka, ka samu mita 50 a daƙiƙa, tsayi kusan mita 127. A filin ƙwallo kuwa, na tsaya nisan mita 50 da ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta, na ɗaura masa zare da noti, kullum kusurwar tana yawo wajen digiri 42. Tsayin da rokar ta kai mita 45 ke nan. Ina mita tamanin da 'yan kai suka shige? Wallahi abin ya dame ni ƙwarai.

Ƙa'idar ta ɗauka gudun fitar ba ya canzawa, gora kuwa ba haka take ba. Ruwa na fita, iska na samun wuri, matsi na faɗuwa. Kuma duk ruwan yana ƙarewa cikin kusan kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa, iskar ba ta da lokacin karɓar zafi daga waje, don haka matsi sau girman wurin iskar, bayan an ɗaga girman zuwa ƙarfi (power) 1.4, shi ne yake tsayawa daram. Ku kula a nan: sai kun ƙara bar 1 na iskar duniya a kan abin da agogon famfo ya nuna. Daga bar 5 matsi yana sauka zuwa 2.8, gudun ruwa daga 28 zuwa 19.

Sai na buɗe Excel, kowane layi daƙiƙa 0.001: matsi, gudun ruwa, nauyin da ya rage, turi, gudu. Na sa tirjiyar iska da adadi 0.4 (lambar da ke nuna yadda siffar gorar take tare iska), ita ce ma ta cinye kusan rabin tsayin. Layin ƙarshe ya ba ni mita 43. Tashi na yi tsaye a ɗaki ina hamdala.

Buga allon bayani mai launi ya lashe mini kuɗin abincin mako, kuma ba a bari na harba a harabar ba, sai bidiyon waya na nuna. Wannan ya sosa mini rai.

Wata malama cikin alƙalan ta ce, "To ɗana, me ya haɗa gorarka da roka ta gaske?" Na ce, "Malama, ln ɗin nan ne." Shiga kewayen duniya yana buƙatar kimanin kilomita 9.4 a daƙiƙa in an haɗa da asarar hanya, injin kananzir da ruwan oksijin kuwa yana fesowa da wajen 3.3. Nauyin farko sai ya ninka na ƙarshe sau 17, wato kashi 94 cikin 100 mai ne. Shi ya sa rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 take da hawa uku, tana yar da tankin da ya ƙare. Ta gyaɗa kai ta yi rubutu.

Na zo na biyu, kuma ina alfahari da shi. Saura iskar da take fita bayan ruwa ya ƙare, ban sa ta a lissafi ba tukuna. Wanda ya taɓa yi ya nuna mini yadda ya tsara layukansa.