Yatsa ɗaya da yatsu goma

Aikina koyar da kwamfuta ne a wata 'yar cibiya da ke kusa da Zoo Road a Kano, kuma babu lokacin da muke cika kamar gab da jarrabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta bar takarda da fensir gaba ɗaya, yanzu kowa sai ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. A wannan lokacin ne musu ke tashi kullum tsakanin ɗalibai, wani lokaci har da iyayensu: me za a yi da kwamfuta alhali waya tana yin komai?

Masu wannan magana suna da hujja. Layin GSM bai shigo Nijeriya ba sai 2001, amma yau leƙa Kantin Kwari ka gani. Ɗan kasuwa zai ɗauki hoton atamfa ya tura ta WhatsApp zuwa Maraɗi ko Yola, a yi ciniki da saƙon murya, kuɗi su shigo asusunsa, ya sa yaro ya kai kaya tasha, duk bai tashi daga kan benci ba. Wanda bai yi boko ba ma waya ba ta ware shi, tunda baki ya ishe shi. Ga kuma batun wuta. Waya tana kwana da caji, in ta mutu ka miƙa wa mai caji a bakin layi ko ka jona ta a ƙaramar sola. Kwamfutar tebur kuwa da an ɗauke wuta ta zama kayan ado. Hatta rubutun Hausa, ƙ da ɗ da ɓ sun fi saurin samuwa a waya, domin a kwamfuta sai ka ƙara tsarin madannai na musamman.

Amma abin da koyarwa ta nuna mini daban ne. Yaro zai zo mini yana da sauri a waya kamar walƙiya, babban yatsansa ba ya hutawa. Na zaunar da shi gaban kibod sai jikinsa ya yi sanyi, yana neman harafi ɗaya-ɗaya, linzamin kwamfuta (mouse) yana kufce masa. Wannan da sauƙi, mako kaɗan hannu ya saba. Abin da ya fi damuna shi ne bai san inda aikinsa yake zama ba. Ya rubuta wasiƙa, ya adana, gobe na ce ya buɗe ta, sai ya tsaya yana kallona. Ba laifinsa ba ne. An ƙera waya ne ta ɓoye wa mai ita wannan ɗawainiya: hoto yana cikin manhajar hotuna, takarda tana cikin hirar da aka turo ta. Kwamfuta ita ke tilasta maka ka raɗa wa fayil suna, ka zaɓar masa wuri, ka san wanne ne na jiya wanne ne na yau. Aikin ofis, na banki, na asibiti, duk a kan wannan tarbiyya suka tsaya.

Sai Excel, manhajar lissafi. Akwai shi a waya, gaskiya ne, kuma za ka iya buɗe lissafin da wani ya turo ka duba. Gina shi daga tushe ne wahala. Wani ɗalibina da mahaifinsa ke sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ya kwashe littafin bashin shagonsu ya zuba a kwamfuta, ya koyi yadda jimla ke haɗa kanta da kanta. Ranar da ya ga sunayen masu bashi sun jeru daga babba zuwa ƙarami da dannawa ɗaya, bai sake yi mini musun waya ba. Haka ɗaliban ajin ƙarshe na Jami'ar Bayero da ke zuwa wurinmu da kundin bincikensu: wanda ya iya bugawa da kansa yana gyara duk abin da malami ya ja wa layi a daren nan, wanda bai iya ba kuwa yana biyan mai shago kuɗin kowane shafi, ya sake biya a kowane gyara.

Kwamfutar hannu, wadda ake kira tablet, ba ni da dogon zance a kanta. Tun da Apple ya fito da iPad a 2010 ake cewa za ta maye gurbin laftop, har yau ba ta maye ba. Tana da daɗin karatu, musamman ga dattijon da ido ya fara rauni yana son manyan baƙaƙe, kuma masu tattara bayanai gida-gida suna jin daɗinta. Ga ɗalibi mai kuɗin abu ɗaya kacal, ba na ba da shawararta.

Kwanan baya wani dattijo ya kawo 'yarsa, ya ce, "Malam, kuɗin da na tara na abu ɗaya ne. Sabuwar waya a Farm Centre ko kwamfuta?"

Na ce, "Baba, wayar da ke hannunta tana shiga intanet?"

Ya ce tana shiga.

Na ce to a bar mata ita, a nufi Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci, a nemi laftop wadda aka taɓa amfani da ita. Na rubuta masa abin da za a duba: a cire caja a ga ko batir zai riƙe, a danna kowane harafi, RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ta gaza 8GB, ma'ajiyarta ta zama mai sauri, wadda ake kira SSD. Na ƙara masa da cewa a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, sabon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa da ake shigowa da su ba sa hawa sabon. Na roƙe shi ya tafi da yarinyar, ita ta zauna ta gwada da hannunta kafin a biya.