Shirun da na yanke

Shekarata ta farko a gidan rediyo a Gusau, aikin da kowa ke gudu shi aka ɗora mini: kwashe tsofaffin shirye-shirye daga kaset zuwa kwamfuta. Ɗakin yana can ƙurya, fanka ɗaya mai kuka, ga kwalaye jibge har bakin taga. Wasu kaset ɗin na gidan ne, wasu kuwa wani tsohon ma'aikaci ne ya riƙa naɗa daga Rediyon Kaduna tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, da ya ga zai rasa wurin ajiya ya kawo su. Yawancinsu shirye-shiryen dare ne: wasan kwaikwayo, kiɗan fada, gaishe-gaishe, tatsuniya.

Ni kuma lokacin na fito daga makaranta da zafina. An koya mana cewa shiru a rediyo asara ne, daƙiƙa uku ba magana mai saurare ya murɗa ya koma wata tasha. To sai ga wasan kwaikwayo, mutum ya yi magana a tsaya, a sake faɗin sunansa, a kuma tsayawa. Na ɗauka rashin ƙwarewa ne irin na mutanen da. Na zauna na bi wasan kaf ina datse duk inda layin sauti ya kwanta a allon kwamfuta, ya fito tsaf kamar an goge shi da dutsen guga. Har ina jin daɗi.

Akwai wani dattijo da ya yi aikin na'ura shekara da shekaru, ya yi ritaya amma ƙafarsa ba ta daina zuwa ba. Baba muke ce masa. Na kunna masa don ya yaba. Ya saurara idonsa a rufe, can ya ɗaga hannu in tsayar.

"Ɗana, ina numfashin wasan?"

Na ce, "Baba, ai gyara na yi, wuraren da ba kome na cire."

Ya ce, "Wanga shiru ba naka na ba. Na mutanen zaure na."

A ranar ban gane ba. Sai da ya yi ta ba ni labari a kwanakin da suka biyo, ni ma na koma na karanta tarihin abin. Rediyo ya shigo Najeriya ne ta waya, akwati a bango mai tasha ɗaya, ana jawo shirye-shiryen BBC daga Landan. A Legas aka fara a shekarun 1930, ya iso Kano a 1944. Mu nan yamma, a garuruwa irin Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, rediyo bai zama abin kowa ba sai da aka fara jin Hausa a cikinsa sosai. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, sannan ƙananan akwatuna masu cin batir suka fara shigowa kantuna. Ko a lokacin, a unguwa guda mai rediyo bai fi a ƙirga da yatsu ba: attajirin gyaɗa ko auduga, malamin makaranta, ma'aikacin jirgin ƙasa. Bayan sallar isha sai a fito da ita zaure ko ƙofar gida, a ɗora kan turmi ko kujera 'yar tsuguno, a zare eriya, mutum ashirin su kewaye ta. Mata suna jiyowa ta bayan danga, in maigida mai kirki ne ya ƙara murya.

Shi ma daren akwai dalilinsa bayan na hutawa daga gona. Da rana akwai wani sashe na sararin sama da hasken rana ke sa ya shanye sautin matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya ɓace, sautin ya haura sama ya dawo ƙasa can nesa. Shi ya sa tashar da da azahar ba ka jin kome sai shuuu, da dare sai ta fito kamar mai maganar yana bayan ɗaki. Amma ba ta tsayawa wuri ɗaya, takan tafi ta dawo kamar iskar hunturu. Nan na gane dalilin maimaita suna. Mai shirin ya san wataƙila lokacin da ya faɗa da farko sautin ya nutse a Maradun ko Anka.

Shirun kuwa, Baba ya ce in rufe ido in sa kaina a zauren. An yi abin dariya, mutum ashirin sun kwashe da ita, in ɗan wasa ya ci gaba nan take ba wanda zai ji jimla ta gaba. Ga tsoho mai nauyin kunne yana taɓa na kusa da shi, "Mi ya ce?" Ga kuma Hausar Kaduna da Kano, wata kalmar sai wanda ya taɓa fita fatauci ya fassara wa sauran. Duk wannan sai an bar masa wuri. Masu wasan suna cikin ɗaki a Kaduna, amma kunnensu na zauren da ba su taɓa gani ba. Daga mai tatsuniya suka gaji abin, wadda in ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba ta ƙara kome sai yara sun amsa.

Gaishe-gaishe ma da nake gani ɓata lokaci ne, mutum ya jero suna goma sha kafin a sa waƙa, ashe shi ne wayar mutane. Wanda ya tafi cin rani Legas ko Kumasi ya aika kati Zaɓi Sonka, bayan makonni a kira sunan mahaifiyarsa da unguwarsu, gobe da safe maƙwabta su shigo yi mata barka, ta san ɗanta na raye. Haka in aka sa Musa Ɗanƙwairo, mutanen Bakura da Maradun sukan ji kamar ƙasa duka ta zo gaishe su.

Ba zan ce kome na da daidai ne ba. Wani shirun na ji da kunnena, ba hikima ba ce, mai gabatarwa ne ke laluben faifai har ana jin motsin kujera. Wasu waƙoƙin kuma yabon masu mulki ne tsagwaronsa, an cika dare da su. Wahalar da na sha ita ce rarrabe wanne ne wanne, don a allon kwamfuta dukansu layi ne miƙaƙƙe, sai kunne kaɗai ke bambanta su.

Allah ya taimake ni kaset ɗin asali na nan. Na sake kwashe wasannin daga farko, mako uku cur, ɗaya ma zarensa ya tsinke sai da Baba ya liƙa shi da salatif, ya naɗe da biro.

Daga baya aka ba ni shirin dare na kaina. Wata rana da aka sa wanda na riga na naɗa, na je wurin mai shayi a Tudun Wada na zauna ban ce ni ne ba. Samari biyar ne a benci, huɗu kansu na kan waya. Da aka zo inda na bar daƙiƙa uku bayan wata barkwanci, mai shayin ne kaɗai ya yi dariya yana fifita gawayi. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗago kai ya ce, "Mi ya ce?" Mai shayi ya fara maimaita masa, bai kai ƙarshe ba muryata ta dawo ta katse shi.