Yadda na jera halittun labarina bisa haɗarin ƙarewa

Akwai wani dogon labari da nake rubutawa ina tura wa abokai a WhatsApp a nan Garwa, cikinsa akwai dodanni da 'yan ruwa da aljanun kuka da wasu gajerun mutanen dutse da ni na ƙirƙiro su. Da jinsunan suka yi yawa sai na ɗauki littafi na ce bari in jera su, su wa suka fi ƙaranci, su wa kuma ke bakin ƙarewa.

Ma'aunin IUCN na ara, wato ƙungiyar kare halittu ta duniya, wadda ta fara fitar da jan jerinta na dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa tun 1964. A wurinsu idan manyan da za su iya haihuwa ba su kai 50 ba to abin ya kai matuƙa, ƙasa da 250 ana cikin haɗari, ƙasa da 1000 akwai rauni, sannan suna duba yadda adadi ya ragu cikin shekara 10 ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Wannan zuriya ukun ne wallahi ya juya min komai, saboda aljanun kukana suna daɗewa sosai kafin su haihu, kashe goma daga cikinsu ya fi kashe ɗari na mutanen dutse illa, su kam duk damina sai sun haihu.

Abin da na fi ƙaruwa da shi dai shi ne ƙaranci daban, haɗari daban. Dodo dama can ɗaya ne a daji, kowane na da yankinsa mai faɗi kuma ba mai farautarsa, adadinsu bai motsa ba. 'Yan ruwa kuwa dubbai ne amma duka a tafki ɗaya suke kuma tafkin na janyewa, fari ɗaya mai tsanani ya ishe su. Su na sa a sama.

Kuma abin nan ya taɓa ni fa, don mu nan arewacin Kamaru mun gani da gaske. Baƙar karkandar yammacin Afirka a dazukanmu ta yi zamanta na ƙarshe, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ce ta ƙare, mafarauta masu neman ƙaho suka gama da ita. A Cadi kuma mariri ya ɓace daga daji, amma da yake akwai waɗanda ake kiwo a killace aka fara mayar da su a 2016, har a 2023 aka sauko da shi daga matakin wanda ya ƙare a daji.

Shi ya sa na ƙara layi biyu a littafin gaban kowane jinsi, wa ke kashe su kuma don me, sannan akwai wani wurin da 'yan kaɗan suka tsira? Babi na gaba sarauniyar 'yan ruwa za ta tura matasa arba'in su bi kogi su nemi wani tafkin, dattawanta kuma ba su yarda ba.